Hannun Ɗanbaba

Ranar wata kasuwar Shagari ɓarin jikin Ɗanbaba ya shanye, harshensa ma ya bi. Makaɗin gangar noma ne, kuma shi kaɗai ya rage mai riƙe da taken Sarkin Noman Dandin Mahe, kiɗan nan mai wata karyewa a tsakiya wadda in ka kuskure ta manoma kan ɗago daga kan kunyar gona su yi maka dariya.

Husaini, magidancin da ke koyo wurinsa, a nan karyewar ya maƙale. Dokar koyon kuwa ɗaya ce, Ɗanbaba ba ya yabo. In ka yi kuskure ya bugi gwiwarsa, in ka yi daidai ya ƙyale ka.

Ciwo bai san da wannan doka ba. Ya bar masa hannu ɗaya, hannun kuma ya riƙa karkarwa yana bugun gwiwa ba da izinin mai shi ba.

Kullum da la'asar Husaini na zaure da ganga. Wata rana cikin bazara sai ya haye karyewar sarai. Tsohon ya ji ta har cikin ƙashinsa. Hannun ya buga.

"Har yanzu, Baba? To, bari in sake."

Ya sake, ya gyara abin da ba ya son gyara. Ɗanbaba ya yi gurnani, Husaini ya ɗauka faɗa ne.

Jummai, matar tsohon, ta leƙo. "Kai Husaini, wanga hannu ko tuwo na aje haka yaka yi."

"Inna, ba ki san shi ba wurin kiɗa."

Husaini ya tafi Horo Birni neman taken wurin wani tsohon makaɗi, wanda ya ce shi ya tuba, kuma ya yi masa wa'azi kyauta. A Dingyaɗi wani ya tura masa kiɗa ta waya, ashe na biki ne. Duk inda ya je sai ya dawo da sabuwar ɓarna, Ɗanbaba na kwance yana saurare.

Da damina ta faɗi aka yi gayya da lasifika rataye a bishiya maimakon ganga. Babu wanda ya yi ƙorafi.

Husaini ya kawo gangar ya jingine, ya durƙusa. "Ka yafe mini, Baba, kaina ba ya ɗauka. Gobe zan bi motar albasa Kudu."

Bakin tsohon ya motsa. Jummai ta goge masa miyau. Abin da yake son faɗi bai da tsawo: ka iya, tun bazara.