Kwamfutar Tanti Sahura

Tun ƙarfe takwas na safe Juwairiyya take ɗakin taro na ƙungiyar manoman wake a Dogon Dutsi, amma ba za a ce tana zaune ba. Ta zauna ta miƙe, ta leƙa taga ta dawo, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Kujerar ma da tana da baki da ta roƙe ta ta yanke shawara guda.

Takardar izini tana kan tebur, da sa hannun diraktan ƙungiyar, Malam Is'haƙa. Shi ba mai dogon zance ba ne.

"Kwamfuta biyar ag gare mu," in ji shi. "In kin shiga ko guda kahin la'asar, aikin tsaronsu naki na, wata shidda, da takardar shaida. In kin kasa, mu kira mutanen Yamai."

Wannan takardar shaida ita ce duk abin da Juwairiyya take nema a duniya yanzu. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana koyon tsaron kwamfuta a waya, tana sauke darussa duk ranar da rezo, wato layin intanet, ya yi mutunci. Ta ci jarrabawa biyu ta intanet. Amma duk inda ta nemi aiki sai a tambaye ta inda ta taɓa aiki, kamar ana haihuwar mutum da shekara biyu na gogewa a aljihu.

Ta fara da dabarar da aka fi koya musu. Ta tura wa ma'aikatan saƙon yaudara, wai su danna nan su ga sabon tsarin hutu. Ta jira minti ashirin, ta jira arba'in, ba wanda ya danna. Ba wayo ne ya hana su ba. Ashe mutanen ofishin nan ba sa buɗe saƙon imel sai ranar Litinin.

Wayarta kuwa ba ta huta ba. Rukunin masu koyon sana'ar, su fiye da ɗari biyu, kullum kamar tashar mota yake. Hashim na Doso ya turo labarin wani kamfani a ƙasar waje da aka kulle wa kwamfutoci. Wani ya ce ƙarya ne, labarin bara ne. Wata ta tambayi inda ake samun darasi kyauta, aka amsa mata da hoton ragon suna. Munkaila, wanda ya riga kowa samun aiki kuma bai bar kowa ya manta ba, ya rubuto mata: "Alors, Juju, kin shiga ko kina gaisawa da ƙofa?" Ta kifa wayar. Bayan minti biyu ta sake ɗagawa.

Da hantsi ta koma gwada kalmomin sirri a kan kwamfutocin da kansu. Ta buga 1234, ta buga azerty, ta buga sunan ƙungiyar da shekarar kafa ta. Ta ɗaga faifan rubutu ta leƙa ƙasansa ko an liƙa takarda. Ma'ajin sito yana kallonta yana murmushi har kunne. A bakinsa ta ji cewa jiya Malam Is'haƙa ya tara su ya ce kowa ya canza tasa, domin gobe za a zo gwada su. Ranta ya ɓaci sosai. Kwamfuta huɗu ta bi, duk sun ƙi.

Saura ta sakatariya. Ita ce Juwairiyya take ta kewayewa tun safe, domin sakatariyar, Tanti Sahura, mahaifiyarta ce.

Juwairiyya 'yar fari ce. Ana yaye ta aka kai ta wurin kakarta a Kore Mairuwa, can ta girma, kakar take kira Inna. Da ta dawo Dutsi karatu, sai ta ji kowa yana ce wa uwar Tanti, ita ma ta bi sahu. Uwar kuwa, saboda alkunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ko yau da safe, da suka haɗu a ƙofar ofis, gaisuwar da ta yi wa mai gadi ta fi tsawo. Juwairiyya ta san al'ada ce, ta san haka ake yi, amma sanin bai taɓa hana abin yi mata ciwo ba.

Bayan azahar Tanti Sahura ta ɗauki wasu takardu ta wuce sito ba tare da ta dube ta ba. Juwairiyya ta zauna a kujerar uwar. Ta gwada sunan auta, Abdulhakim, ɗan lelen gida. Ta gwada sunan ƙanwarta, Husna. Ta gwada sunan mahaifinsu, da lambar babur ɗinsa. A ƙarƙashin akwatin rubutun sai kwamfutar ta nuna 'yar tunatarwar da mai ita ta ajiye wa kanta: Kore Mairuwa.

Ta gyara zama. Ta buga sunan kaka, sunan kakanta namiji, sunan unguwarsu, ranar kasuwa. Ta buga sunan kawunnanta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba a shiri da shi. Agogon bango ya nuna uku da rabi. Wayar ta yi ƙara, Munkaila ne kuma. Ta duba jerin da take rubutawa, kalma arba'in da biyu, ba ko ɗaya. Me kuma ya rage a Kore Mairuwa? Cikin haushi, don kawai kada ta zauna hannu sake, ta buga nata sunan, Juwairiyya.

Kwamfutar ta buɗe.

Ta daɗe tana kallon allon. Murna ta zo, amma ba irin wadda ta zata ba.

Malam Is'haƙa ya zo, ma'aikata suka biyo shi, Tanti Sahura a can baya da takardu a ƙirji. Ya sa ta rufe ta sake buɗewa a gabansa.

"To, madalla! Mi ne kod ɗin nata? Hwaɗi mu ji."

"Ranka shi daɗe, a sana'armu ba a hwaɗin shi a bainar jama'a."

Ya yi dariya ya ce ashe ma ta san aikin. Litinin ta fara. Amma kafin ta tafi yau, ta tabbatar an canza wannan kalmar, tunda ta fasu.

Kowa ya fita alwala. Ɗakin ya rage su biyu. Tanti Sahura ta ajiye takardun, ta jera su, ta sake jera su.

"Tanti," in ji Juwairiyya a hankali, "sai kin canza shi."

"Na ji. Jiya ma an ce mu canza." Ta zauna, ta jawo faifan rubutun gabanta, idonta a kan allo. "Mi za ni sa?"

"Abin da ba wanda zai yi tsammani."

Uwar ta ɗora yatsunta a kan haruffan, ba ta danna ko ɗaya ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina buga wanga kullum da sahe," ta ce. "Ni na ɗauka shi ne ba mai tsammani."

Juwairiyya ta buɗe baki za ta yi gardama, sai idonta ya sauka a kan jerin da ke hannunta. Ita ma sai a karo na arba'in da uku ta gwada shi.