Katunan da Aka Aika don Kyaftin Oriha

Shekara ashirin da shida Fusae ta yi a kan doguwar kujerar ƙofar gidan wankansu na haya, maza na shiga ta gefe guda, mata ta ɗaya gefen, kuma in ka cire bikin ƙanwarta a Kobe, ba ta taɓa kwana a wajen Osaka ba. Mijinta Shozo yana can baya wajen tukunyar ruwan zafi, yana cusa itace yana mita. Amma duk ranar Talata, in mujallar zane ta yara maza ta iso, wadda suke ajiye wa masu wanka su duba suna shan iska, Fusae ce ke riga kowa ɗauka.

Labaran 'yan dambe da 'yan ƙwallo ba su dame ta ba. Kyaftin Oriha take nema, mace mai tuƙa wani tsohon jirgin dako a tsakanin taurari, jirgin da kullum sai wani abu ya ɓalle a jikinsa. Oriha ba wata kyakkyawa ba ce, ga faɗa, ga ci. In inji ya tsaya, ita ke ɗaure gashi ta kutsa ciki da sifana. Ta taɓa wanke sarkin wata duniyar ƙanƙara tas don ya shigo mata jirgi da takalmi, ranar Fusae ta yi dariya har aka leƙo daga ɗakin tuɓe kaya ana tambayar ko lafiya. Tana son matar nan so na gaske, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Sai ga shi labarin ya fara zamewa baya. Kowa ya san yadda abin yake: a cikin kowace mujalla akwai kati guda, mai karatu ya zaɓi labarai uku da suka fi burge shi ya jefa a akwatin gidan waya. Wanda ya samu ƙuri'a ya matso gaba, wanda ya rasa ya koma shafukan ƙarshe, daga nan sai a datse shi. Oriha ta koma ta biyun ƙarshe, alhali saura ƙiris ta isa tauraron da jirgin mahaifiyarta ya ɓace, tafiyar da Fusae ta yi shekara biyu tana bin ta mako-mako.

"Uwar yara, ki rufa mana asiri," in ji Shozo. "Shekara hamsin da huɗu, kina zaman makokin zane."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Washegari ta bi layinsu shago-shago: Nagao mai aski, mai taliya, gidan kofi, mai wankin kaya. Dukkansu suna ajiye mujallar saboda masu jira, kuma ba wanda ke cire katin. Ta dawo da goma sha tara. Nagao ya ba ta shawara ta cike su duka da kanta tana sauya rubutu, ta ce a'a, Oriha ba ta cuta, ita ma ba za ta yi cuta da sunanta ba. Ta fito da tsofaffin shafukan da ta daɗe tana yankewa tana ɗinkewa da zare, ta kafa doka: sai ka karanta za a ba ka kati, in bai yi maka ba ka zaɓi abin da ka ga dama.

To, su wa ke zuwa wanka da ƙarfe uku na rana in ba tsofaffi ba? Cikin mako guda gidan ya koma wani abu daban. Dattawa ɗaure da tawul suna musu a kan ko jirgi zai iya juyawa inda babu iska. Mai taliya ya rantse ba yadda za a yi a sha romo a sararin sama bai watse ba. Ita kuwa tsohuwa Ume damuwarta ɗaya ce, yarinyar nan na yawo a wurare masu sanyi da 'yar riga shara-shara. A gurbin ra'ayi ta rubuta a taimaka a sa mata rigar sanyi.

Gurbin shekaru ne ya kawo rigima. Nagao ya ce mujallar ta yara ce, in masu ita suka ga tsofaffi zalla ke son labarin, to su tsofaffin da kansu sun taya an kashe shi, don haka kowa ya rubuta sha biyu.

"Nagao, aski ya taɓa maka ƙwaƙwalwa," in ji Ume. "Na ga yaƙi, na aurar da biyar, sannan in ce shekarata sha biyu? Ai ko haƙorana ba za su yarda ba, ga su can a kofi."

Ta rubuta saba'in da takwas, manya-manya. Sauran suka bi ta, kowa ya rubuta shekarunsa na gaskiya. Fusae ta kai katunan akwati cikin fargaba, don ta san maganar Nagao ba shirme ba ce. Haka suka yi ta yi mako biyar, labarin bai motsa daga inda yake ba.

Talata ta shida, tun kafin a buɗe ƙofa, ta ɗauki mujallar ta fara daga baya kamar yadda ta saba. Na ƙarshe ba Oriha ba ce. Na biyu ma haka, na uku, na huɗu, na biyar. Ta kasa duba jerin sunayen, ta rufe, ta ɗora a cinya. Ko sallama ba a bari ta yi da ita ba. Ta zauna tana kallon akwatunan ajiye takalman masu wanka.

Shozo ya leƙo daga baya, fuska duk toka, ya tambayi wa ya mutu. Ta ce sun datse ta.

"Ke dai kin cika gaggawa. Ta gaba za ki buɗe, shafi na arba'in da ɗaya."

Ta buɗe. Ga Oriha nan, har da shafi mai launi, tsaye a bakin ƙofar jirgi cikin wata ƙatuwar rigar sanyi saƙar hannu. A gefen takardar kuma ga shatin babban yatsa, baƙi ƙirin da gawayi. Fusae ta dubi shatin, ta dubi mijinta.

"Takardar kunna wuta nake nema," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Amma fa in kin ga abin da ta tarar a cikin jirgin uwar tata..."

"Baban yara, ka ƙara kalma ɗaya, yau a tukunya za ka yi wanka."

Ta gyara zama, ta goge ido da bayan hannu, ta fara karantawa. A waje tsofaffi na ta ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarfe uku ta wuce.