Inuwar Busasshiyar Bishiya

Su uku ne a gidan, Kaka da Baba da Auta, ɗakinsu kuma ɗaya tak. Busasshiyar bishiyar tsakar gida ta karkata wajen ɗakin, ba wanda ya san tsayinta.

"In na sare ta, ta faɗa kan rufi, ina za mu kwana?" in ji Baba.

Kaka ta kafa sandarta a ƙasa. "Sarkin gaggawa! Jira inuwar sandar nan ta kai tsayinta. Lokacin inuwar bishiyar ma daidai take da tsayinta."

Da lokacin ya yi, Auta ta auna inuwar bishiyar. Taku sha huɗu. Daga gindinta zuwa ɗaki, sha bakwai.

Baba ya ɗauko gatari. Ranar Auta ta gane ana iya auna abu ko ba a hau shi ba.