Ajiyar Irimiya

Duk Limawa, in ka tambayi wanda za ka ba ajiya ka koma gida ka yi barcinka, Alhaji Sheshi za a nuna maka. Banufe ne, dogo, mai taurin kai na ƙin ƙarawa, kuma shi kansa ya san da haka, har alfahari yake yi. Shagonsa na jikin gidansa, a nan yake sayar da taki da maganin ciyawa da na ƙwari ga manoman da ke shigowa daga ƙauyuka. Ba ya sakin fuska, ba ya ragi, amma ba a taɓa jin ya buɗe abin da aka ce ya riƙe ba.

Kowace shekara kafin ruwa ya zauna, masu irin wannan sana'a sukan kai wa ofishin kula da muhalli bayanin magunguna masu haɗari da ke hannunsu, da yawansu, da inda suka ajiye su. Wasu sai an bi su da barazana. Shi kuwa Sheshi tun kafin a tuna masa yake kai nasa, don ba ya son raini. Shi ya sa da Keke Napep ta sauke wata mata mai takalmin roba a ƙofar shagonsa, farkon daminar dubu biyu da goma sha huɗu, ko gezau bai yi ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sunanta Martha Zamani, daga ofis aka turo ta ta ga ko abin da ya rubuta shi ne a ƙasa. Daga jin Hausarta ya san 'yar kudancin Kaduna ce, sai ya ji wani abu ya taɓa masa zuciya, ya yi maza ya kawar.

"Shiga ki ƙirga, 'yata," ya ce. "In kin samu kwalba ɗaya da ban faɗa ba, ki shanye ta, ni zan biya."

Ta yi dariya ta shiga. Ta duba kanta, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta karanta ranakun da ke jikin jarkoki, ta ce ya raba taki da maganin feshi don kada su riƙa zama wuri guda. Ya ce ya ji, ko da yake a ransa cewa yake tun ba a haife ta ba yake wannan jeri. Komai ya zo daidai. Ya sa aka kawo mata ruwa a zaure, inda ya fi sanyi.

A nan ne ta ajiye kofi ba ta ƙarasa sha ba. Ta ɗaga hanci ta juya wajen wani ɗan ɗaki da ke ƙuryar zauren, mai ƙofar ƙarfe da tsohon kwaɗo.

"Baba, tafarnuwa kake ajiyewa a nan?"

"Ba ɗakina ba ne."

"A gidanka yake ai."

"Gidana ne, amma abin da ke ciki ba nawa ba ne. Ajiya ce."

Ga yadda abin yake. Irimiya mai walda, mutumin wajen Zonkwa, shi ya ƙera wa Sheshi ƙofar shagon nan shekaru masu yawa da suka wuce. Sun yi rigima a kan aikin har maƙwabta suka fito, daga nan kuma sai abota, irin wadda ba ka iya cewa ga ranar da ta fara. Irimiya na haya a Tudun Fulani, iyalinsa na gida, to kullum a kan tabarmar Sheshi yake cin abincin rana, yana tsokanarsa wai Banufe in ba kifi a miya sai ya ce azumi yake. Da ya fara jin ido na gaza masa, ya ce zai bar walda ya koma sayar wa masu walda kabaid, dutsen nan mai launin toka da suke jefawa cikin ruwa ya ba su iskar da ke hura wutar aikinsu. Ya tattara abin da ya mallaka ya sayi ganguna na ƙarfe cike da shi. Ɗakin haya ba zai ɗauka ba, sai Sheshi ya ba shi na ƙuryar zaure. Irimiya ya kulle, ya riƙe makulli ɗaya, ya danƙa wa abokinsa ɗaya, ya ce, "Kada ka bari kowa ya taɓa sai na dawo. Zaɓe kawai zan yi, in yi Ista da yara."

Bai dawo ba. Bayan zaɓen nan na dubu biyu da goma sha ɗaya ne ƙasar su Irimiya ta kama da wuta, wayarsa kuma daga ranar ta daina shiga. Sheshi ya tambayi direbobi, ya tambayi 'yan cocinsu. Wani ya ce an gan shi a Kafanchan, wani ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Da Sheshi ya lura amsar tana neman karkata inda ba ya so, sai ya daina tambaya.

Bai gaya wa Martha wannan duka ba. Ya dai ce kabaid ne, na wani abokinsa Irimiya, ya yi tafiya. Ta tambaye shi tun yaushe. Da ya faɗa, ta dube shi da tausayi, kuma kallon nan ya fi magana ba shi haushi, domin ita ma ta san abin da ya faru a wannan watan.

"Baba, ban zo don in kama ka da laifi ba," ta ce a hankali. "Ka san dalilin da ya sa muke neman bayanin nan? Don 'yan kwana-kwana ne. Allah ya kiyaye, in wuta ta tashi a layin nan, za su zo su ga an ce taki da maganin ciyawa ne kawai a gidanka, su saki ruwa. Shi kuwa kabaid, ruwa ne ke tashinsa. Warin nan da nake ji, alama ce danshi ya riga ya fara shiga."

"A rufe suke. Da hannunsa ya rufe su."

"Damina uku ke nan, Baba. Mene ne a bayan bangon can?"

Amsar ta shigo da kanta. Daga can ciki ana jin tabarya, ana jin Hajiya Sara, matarsa, tana yi wa jika faɗa ya matsa daga bakin murhu. Kicin ne a bayan bangon, kullum da wuta, safe da yamma.

Martha ta ce hanya biyu ce. Ko ya sa kayan cikin nasa, a mayar da su inda ya dace da sunansa, ko ta rubuta kaya ne da ba a san mai su ba, hukuma ta kwashe.

Kai! Nan fa Sheshi ya tashi tsaye. Ya ce shi ne zai ce dukiyar Irimiya tasa ce? Da girmansa, da furfurarsa? Ɗayar kuwa ta fi muni. Wane ne ya ce mata ba mai su? Ta ga gawa ne? Wa ya aiko ta ta kashe masa aboki da biro? Ya yi ta faɗa har mai shayin ƙofar gida ya leƙo, ya ga fuskar Alhaji, ya koma da sauri.

Ita dai ta bar shi sai da ya gaji. Sannan ta ce, "To, sai in rubuta na Irimiya ne, suna hannun Alhaji Sheshi amana. Ana yin haka. Amma za su nemi inda mai kayan yake, ko iyalinsa. Wace unguwa, gidan wa?"

Sunan ƙauyen kawai ya sani. Mutumin da ya ci tuwo da shi shekara da shekaru, bai san ƙofar gidansa ba, bai san ko matarsa na raye ba, bai san wa ke ciyar da yaran ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi a gaban kowa ba.

Martha ta ce za ta zauna a shago ta jira, ya yi tunani. Aka yi kiran azahar, ya tafi masallaci, ya dawo, tana nan. Ya zauna a zaure yana kallon ƙofar ƙarfen. Ya daɗe yana gaya wa kansa amana ce ta hana shi buɗewa, kuma har ga Allah ya yarda da hakan. Yanzu kuwa da aka sa shi a gaba, ya ga akwai wani abu a ƙarƙashi. Muddin ɗakin nan na kulle, Irimiya tafiya ya yi. Kowace safiya in ya wuce ya ga kwaɗon, sai ya ji kamar gobe ne mutumin zai shigo da ƙarar babur ɗinsa yana neman abinci. Wannan jin daɗin yake saye, kuma ashe da ran jikokinsa yake biya. Ya ji haushin kansa, ya ji tsoro, ya kuma ji kewar abokinsa.

Ya shiga ciki ya ce wa Hajiya Sara ta kashe wuta, ta kwashi yara su tafi maƙwabta. Ta ce shinkafa ba ta nuna ba. Ya ce ko ɗanya ce a bar ta. Ta dube shi, ta ga makulli a hannunsa, ta sheƙa wa murhun ruwa.

Kwaɗon ya yi tsatsa, ya ƙi juyawa. Sheshi ya ce a miƙo guduma, Martha ta riƙe masa hannu, ta ce ko tartsatsi ɗaya ba a so a wurin nan. Da man gyaɗa suka yi ta ɗigawa, yana murzawa, yana tsaki, har ya saki. Suka ja ƙofar a hankali, suka koma waje sai da warin ya ragu.

Kwanon rufi ya huje a kusurwa, ruwa ya daɗe yana bin bango. Gangunan da ke wajen sun ci tsatsa, gindin biyu ya zube, farin gari ya malale ƙasa kamar an zazzage buhun alabo. Martha ta ce dutsen ne ya sha danshi ya mutu, iskarsa ta fita ta bar toka. Sauran da ke nesa da bango ƙila a samu na kirki a ciki, ƙila kuma a'a.

Sheshi ya tsaya yana kallo. Abin da mutum ya tara da idonsa da ƙuruciyarsa ke nan, ya lalace a hannun wanda duk Limawa ke yabo da riƙon amana. Da ya buɗe tun daminar farko, da ya toshe ɗigon, da ya nemi iyalin ya miƙa musu haƙƙinsu yana da amfani. "Na riƙe maka ƙofa, Irimiya," ya faɗa, ba da ƙarfi ba, "kayan kuwa na bar su."

Da la'asar wani jami'in kwana-kwana mai suna Yisa ya zo da mutanensa da mota a rufe. Suka fitar da gangunan ɗaya bayan ɗaya, suna lallaɓawa, mutanen layi sun yi cirko-cirko daga nesa. Martha ta rubuta na Irimiya ne, a hannun Alhaji Sheshi, ta bar wurin adireshi fari, ta ce in ya samu ya kawo mata. Ta yi masa sallama, ta fita bakin titi tana tsaida keke.

Ya biyo ta har can, abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba.

"'Yata, in mutum zai je wajenku, a ina ake canza mota?"

Ta gaya masa. Ta ce ya yi sammako, in ya sauka ya nemi limamin cocin ƙauyen, shi zai kai shi gidan ko da an tashi daga wurin. Ya gyaɗa kai, yana ta murza makullin a tafin hannu. Keke ta tsaya, Martha ta sa ƙafa ɗaya a ciki, shi kuma bai matsa ba.

"Kuma a al'adarku," ya ce, "in mutum ya zo gaisuwar mutuwa a makare haka, ana karɓarsa?"

Martha ta sauke ƙafarta ta ce wa mai keken ya tafi, ta juyo wajen Sheshi.