Mai Ludayi da Yatsan Malam Lawandi

Zazzaɓin ya fara tun hantsi, amma Malam Lawandi bai amince da shi ba sai bayan azahar, domin shekara talatin da biyar da ya yi yana akawu a ofishin rajista sun koya masa kada ya karɓi al'amari sai da shaida. Da gaɓoɓinsa suka ba da shaidar, ya haɗiye ƙwaya biyu, ya koma gaban kwamfuta ya zauna, wato daidai inda aka hana shi zama.

Wadda ta hana shi autarsa ce, Hansatu, wadda gyaran kwamfuta ne sana'arta. Wata biyu da suka wuce ya yi mata ƙorafi cewa na'urar tana sa shi jira, shi da bai taɓa barin mutum ya ƙwanƙwasa tagarsa sau biyu ba. Sai ta canja mata abin da ta kira kanel, zuciyar manhajar ke nan, wadda ke raba wa ayyuka lokaci, ta ce wa wannan ya shigo, wancan ya dakata. Ta sa wata ta musamman, wadda aka tsara domin kada mai gida ya jira. Duk abin da ya taɓa shi za a fara yi, sauran su yi haƙuri. Malam ya yaba da wannan tsari ƙwarai.

A makon nan ne tsohon faifan ajiya ya fara wani ƙas-ƙas kamar haƙoran mai jin sanyi. A cikinsa kuwa akwai muryar marigayiya matarsa, Hajiya Yelwa: magana arba'in da uku da aka naɗa a shekararta ta ƙarshe, tana kwance tana warware asalin dangi. Ta ƙarshen ta sa an rubuta mata suna, "Ta Malam". Shekara uku ke nan bai buɗe ta ba, yana jiran ya sami sarari. Da safiyar ranar Hansatu ta haɗa sabon faifai, ta sa na'urar ta kwashe tsohon daga sama har ƙasa kamar yasar rijiya. Ta ce aikin zai ci yini, kuma ba ta da tabbacin faifan zai sake tashi idan ya tsaya.

"Don Allah, Baba, kada ka buɗe komai. In ka buɗe, za ta ajiye kwafin ta bi ka, tsohon nan kuwa numfashinsa ƙidayayye ne."

"Auta, ni za ki koya wa jira?"

"Kai ɗin fa, Baba."

Tun fitarta ya leƙa cikin faifan sau goma sha ɗaya, don kawai ya tabbatar ana aiki. Koren layin da ke nuna tafiyar kwafin ya tsaya a sittin da huɗu cikin ɗari. Hannunsa na dama yana kan linzamin kwamfutar, fanka tana juya iska mai ɗumi daga wannan kusurwa zuwa waccan, lambobin suka fara narkewa a idonsa.

Fuskar kwamfutar ta buɗe kamar taga mai murfin katako, irin ta ofishinsu na da, sai ya tsinci kansa a cikinta. Farar kibiyar nan da ke yawo a kan fuskar tana tsaye a bakin ƙofa, ta kai tsawon mutum, sanye da kakin masinja mai kari.

"Ranka ya daɗe, ina aka nufa?"

"Ban yanke shawara ba tukuna."

"Ai mun riga mun isa."

Suka bi wani dogon lungu. Ƙofofi suna buɗewa tun bai kai gare su ba. Ya tuna ƙishirwa, sai ga kofi a leɓensa. Ya yi tunanin zama, kujera ta bugi bayan gwiwarsa. Bai taɓa ganin ofishi mai ladabi haka ba, bai kuma taɓa jin gajiya irin wannan ba, domin inda ba a sa mutum jira, babu inda zai huta.

Lungun ya zubar da su a wani fili mai faɗi. Sararin sama launin takardar kabon ne, rana kuma an buga ta a tsakiya kamar hatimi, tawadarta ba ta gama bushewa ba. A tsakiyar filin wata mata tana zaune gaban tukunya, tukunyar cike da lokaci yana tafasa. Ludayinta bai fi ɓawon gyaɗa ba. A gabanta layi ne na ayyuka wanda ido bai ga ƙarshensa ba: mai shara, mai ɗaurin wasiƙu, mai murɗa agogo, masu dako da kaya a ka. Kowa ya buɗe baki ta ɗiga masa ɗigo ɗaya, ya yi taku ɗaya, ya tsaya. Hannunta ne kawai ke rabon. Idanunta biyu suna kan yatsan Malam Lawandi.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Wace ce ke?"

"Sabuwar da aka kawo."

"Wanda ke nan kafin ke fa?"

Ta nuna da haɓa. A gindin wata darbejiya wani tsoho yana zaune da rajista a cinya, a rufe.

"An sallame shi, ranka ya daɗe," in ji Kibiya. "Bin layi ya yi masa yawa. Har kai yakan sa a layi."

Tsohon ya ɗago kai, suka yi wa juna irin kallon da 'yan fansho ke yi wa juna a wurin tantancewa, kowa ya kawar da ido.

Wani tsuntsu ya gifta. Malam ya ɗaga yatsa ya nuna shi, ba da wata manufa ba. Nan take layin ya daskare. Mai shara ya tsaya da tsintsiya a sama, masu dako kowa da ƙafa ɗaya a iska, Mai Ludayi kuwa ta juye wa tsuntsun rabon mutum ɗari. Ya faɗo gaban Malam ya baje fikafikansa kamar fayil, babu komai a rubuce.

"Me za a yi da shi?" ta tambaya.

"Ba komai. Dubawa kawai na yi."

"An duba."

Can nesa wani abu ya faɗa ruwa.

Malam ya gyara murya irin ta mai shirin rubuta takardar tuhuma. "Ba ki ganin akwai rashin adalci a wannan rabo?"

"Ni ba alƙali ba ce. An ce in kalli yatsanka, ina kallo. Tsarin kuma ba baƙonka ba ne."

Ya dubi ƙasa. Ashe ba ƙasa yake takawa ba, fayiloli ne, an jera su an daɓe, sun yi santsi da taku. Ya gane su. Na mutanen da ba su da mai tsaya musu a taga ne, na ƙauye mai nisa, na marasa lafiya, na masu kunya. A kusurwar kowanne akwai jan biro, rubutu mai kyau, mai karkata dama: "A ajiye tukuna." An sha yaba masa a kan wannan rubutu. Ranar da aka yi masa walimar ritaya ma an ce ba a taɓa akawu mai saurinsa ba, kuma gaskiya aka faɗa, domin waɗanda za su ƙaryata ba su sami zuwa ba.

Fayilolin suka zame a ƙarƙashinsa kamar yashi, suka kai shi bakin wata rijiya. Rijiyar tana juyawa kamar dutsen injin niƙa, bangonta yana zubowa kaɗan-kaɗan. Wani siririn dattijo yana jan guga, tarinsa ƙas-ƙas. Duk gugan da ya fito sai ya juye shi a sabuwar randa, ruwan kuwa magana yake yi. Malam ya ji muryar Hajiya Yelwa, da 'yar shaƙewar nan tata ta ƙarshen rayuwa: "…shi kuwa Kawu Ɗanlami a Tsafe ya rasu, ba a Kwatarkwashi ba, kada ku bari a ruɗe ku…" Randar ta haɗiye sauran.

Ya sunkuya ya leƙa. "Dattijo, saura nawa?"

Igiyar ta saki. Gugan da ya kusa baki ya koma ƙasa da ruwansa.

"Kafin ka tambaya saura talatin da shida," in ji dattijon, yana haki. "Yanzu ma talatin da shida ne. Igiyar ce dai ta ragu."

"Akwai wata a can ƙasa, ta ƙarshe. Ita kaɗai nake so. A ciro mini ita, sauran su biyo baya."

Kibiya ta hau rawar jiki don ɗoki. "Nuni kawai, ranka ya daɗe. Kafin ka ƙifta na sauka."

"Sauka za ta sauka," in ji dattijon. "Za ta kuma taɓo ta. Fitowar ce ban sani ba. Bangon nan ba ya son a hau shi sau biyu."

Malam ya riga ya fara ɗaga yatsa. Sai ya lura da wani dogon benci, irin wanda ake ajiyewa a wajen taga, ya taso daga bakin rijiyar ya gangara cikinta. Ya bi shi da zama, yana matsawa kaɗan-kaɗan kamar yadda ya ga mutane suna yi shekara talatin da biyar. Katakon ya fi yadda yake zato tauri. A can ƙarshe, inda haske ya rage kamar na fitilar da mai ya ƙare mata, Hajiya Yelwa tana zaune da mayafinta ruwan toka, fayil ɗaya a cinya, ta dafe shi da hannu biyu.

"Hajiya, tun yaushe kike nan?"

"Ban duba ba, Malam. Kai ne mai agogo."

"Me ya hana ki ƙwanƙwasa?"

"Matar gida ce za ta ƙwanƙwasa tagar mijinta? Ai na ce in ka sami sarari."

Ta faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba. Takan ajiye kwano ta ce, "Malam, akwai wata magana," sai a yi sallama a zaure, mai neman a rubuta masa wasiƙa, ko mai rigimar iyakar gona, ko wanda kawai ya ga takalmi a ƙofa. Yakan tashi da loma a baki. Kafin ya dawo ta kwashe kwanuka, maganar kuma ta koma inda ta fito. Bai taɓa ƙin saurarenta ba. Ajiye ta ya yi tukuna.

"To ga ni. Faɗa mini yanzu."

Ta yi ɗan murmushin da takan yi idan ya sa hula a karkace. "Wannan yanzun naka ne ya kawo mu nan. In na faɗa a cikin rijiya, rabi za ka ji, rabin kuma bango ya danne."

"Me zan yi ke nan?"

"Kai dai da yi." Ta gyara mayafi. "Ba sai ka zo ba, ba sai ka kira ni ba. Ka daina kiran wasu kawai. Layi zai kawo ni."

Ya yi niyyar sauke yatsan, yatsan ya ƙi. Ya yi sakayau kamar ɓawon kara a kan ruwa, yana tasowa da kansa, yana neman abin nunawa, fayil ɗin da ke cinyarta kuwa shi ne mafi kusa. Daga sama ya hango Mai Ludayi ta leƙo, ludayinta a cike, a karkace, ɗigon yana lilo a bakinsa. Kibiya ta sunkuyo har tsininta ya taɓa bangon fayil ɗin.

"Umarni kawai, ranka ya daɗe."

Bangon rijiyar ya tsage daga sama har ƙasa: ƙas.

Ya farka jiƙe da gumi, wuyansa ya ƙage. Inuwa ta riga ta tsallake tabarma, la'asar ta yi. Koren layin yana kan casa'in da ɗaya, ba ya motsi. Farar kibiyar, 'yar ƙarama kamar yadda aka san ta, tana zaune daidai kan sunan "Ta Malam", yatsansa kuma yana kan maɓallin linzami, ya ɗan nutsa. Ya ɗaga shi a hankali, yadda ake ɗaga hatimi daga takarda don kada tawada ta ɓata. Tsohon faifan ya yi shiru.

Aka yi sallama a ƙofar gida. Aka sake. "Malam na ciki kuwa?" Jikinsa ya riga ya yunƙura kafin ya sani. Ya amsa sallamar a ƙasan maƙoshi, yadda zai fita hakki ba tare da an ji ba, ya koma ya zauna. Takun mutumin ya yi nisa.

Faifan ya yi tari sau ɗaya. Casa'in da biyu.

Bai san yawan numfashin da ya rage wa tsohon ba, babu kuma tagar da zai je ya tambaya. Malam Lawandi ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya danne su da nauyin jikinsa, ya shiga layi.