Kunun Jan Wake a Bakin Ƙofa

Shekara huɗu ke nan ban kwana a wajen gidan nan ba. Bene ne, muna hawa na tara, ɗaki biyu, daga ni sai Umma, wadda ta rikice tun bayan rasuwar Baba. Ko shara zan kai ƙasa sai na kulle ta, in dawo a guje.

Yayana Dongpil yana Seoul, gudummawarsa kuma ɗaya ce tal. Duk ranar Dongji, yinin da ya fi kowanne gajarta a shekara, yakan harhaɗa waƙoƙi ya tura wa dangi: gogen Mongoliya, gangar Kuba, mawaƙan coci, wata tsohuwa mai kuka da sunan waƙa, duk a cakuɗe kamar kayan gwanjo. Dangi su yi ta zuba yabo. Ni nakan saurara ne ina wanke zanin gado.

Bana ya ce da kansa zai kawo, ya karɓe ni na kwana uku. Na yanki tikitin motar da za ta tashi ƙarfe biyu zuwa birnin Busan. Ban san kowa a can ba, barci kawai nake so.

Umma ta manta sunana, amma ba ta manta Dongji ba. Da safe muka dama kunun jan wake, ta ɗiba a kwano ta yayyafa a bakin ƙofa, yadda ake yi don kada fatalwa ta shigo.

Ƙarfe sha biyu Dongpil ya ƙwanƙwasa ƙofa. Umma ta riga ni, ta buɗe iyakar tsawon sarƙar ƙofar, ta leƙa.

"Wane ne wannan mai furfurar?"

"Umma, ni ne, Dongpil."

"Ƙarya kake! Ɗana yana makaranta."

Na ce, "Yaya, ka yi shiru ka jira. In ta sha kunu za ta sauko."

"Ke dai Sunhwa, tsaya ki sha kallo. Na zo da abin da zai dawo mana da ita."

Ya kunna wayarsa. Sai ga muryar Baba, yana rera waƙar da ya saba yi a biki, har da tarin nan nasa. Ashe a wani tsohon kaset ya tono ta.

Umma ta sandare. "Mun fa binne shi," ta ce a hankali. Sai ta watsa wa Dongpil kunun kwanon gaba ɗaya ta kafar ƙofa, ta buga ƙofar, ta zauna ta jingina da ita, ta damƙe wuyan hannuna.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa? Muryar mamaci a bakin ƙofa, yau Dongji?"

"Ni cewa na yi za ta ji daɗi..."

Ya yi sa'a guda a tsaye, da ya yi magana sai ta ƙwalla ihu. Ƙarshe ya ce bari ya tafi kada ya ƙara mata, sai sabuwar shekara. Na ji takunsa yana nisa, na ji na tsane shi har cikin raina. Can wayata ta yi ƙara, ya turo waƙoƙin. Wai in ji ta bakwai, don ni ya sa ta.

Jakata tana nan kan kujera a ɗaure. Agogon bango ya buga biyu, kuka ya ƙwace mini. Umma ta shafa kaina da hannunta mai kunu.

"Daina kuka, yarinya. Na tsare ƙofar. Ba mai shiga, ba mai fita."