Gwangwanin Tamar

Shekara biyu ke nan cittar Kumai tana ruɓewa a ƙasa. Ruwa ba ya zuwa a kan lokaci, in ya zo kuma sai ya zo da hauka. Ƙanwarsa Tamar, malamar gona a Fadan Kagoma, ta ce sauyin yanayi ne, gara ya jinkirta shuka. Ina! Kumai yana da malamin da ya fi yarda da shi, wani mai shiri a gidan rediyo, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba amma bakinsa kamar injin niƙa.

"Sauyin yanayi ƙaryar Turawa ce," in ji mutumin kullum. "Ku duba gwangwanayen da ake kafa muku a gona. Wa ya ce ba su ke korar hadari ba?"

Akwai gwangwanin kuwa. Tamar ta kafa shi kan turken katako a bakin gonar mahaifinsu, kowace safiya ta auna ruwan da ya taru ta rubuta.

Ranar gayyar rufe citta da ganye, maza ashirin suna gonar Kumai da adduna, rediyo na rataye a reshen mangwaro. Hadari ya haɗo ta wajen dutsen Kagoro, an fara murna ke nan iska ta watsa shi. Sai ga wani ya bugo waya cikin shirin, yana rantsuwa cewa su da suka tumɓuke nasu gwangwanin, washegari aka sheƙa ruwa.

Martins, maƙwabcinsa, ya yar da ganye. "Kumai, abin nan na gidanku ne fa. Ko mu je da kai, ko mu je babu kai."

Kunya ta kama Kumai, kunyar ta koma fushi. Shi ya shige gaba.

Sun tarar da Tamar a wurin da littafinta. Ta rungume turken.

"Broda, gwangwani ne kawai! Ruwa yana shiga, ina rubuta. Shi ke nan!"

Wani ya jefo dutse ya fasa mata goshi. Martins ya fizge littafin ya yayyaga, ya shara mata mari. Jini ya rufe mata ido, ba ta saki ba. Suka yi mata ca, wannan ya ja gashi, wancan ya kai duka da ƙota. Tsoro ya shiga Kumai sosai, ya ga kashe ta za a yi. Ya ce a ransa in turken ya faɗi za su ƙyale ta. Ya ture mutane, ya ɗaga adda ya kai wa turken sara da dukan ƙarfinsa, daidai lokacin da ta gyara riƙo.

Yatsu uku suka faɗi cikin ciyawa. "Yesu!" in ji Tamar, sau ɗaya. Jarumawan gayya kuwa kowa ya ranta a na kare, har da Martins.

Kumai ya ɗaure hannun da rigarsa, ya ɗora ta a babur zuwa asibiti a Kafanchan. Yana tsaye a bakin gado yana kuka, jininta ya bushe masa a ƙirji, ɗan sanda ya shigo da biro.

"Madam, wa ya sare ki?"

Tamar ta daɗe tana kallon yayanta.

"Ban ga fuskansa ba," ta ce, ta juya ta fuskanci bango.